Keken da Maigida Ya Yanke wa Feda

Shekarar da aka hana maza hawa babur a Bawku, ni dai na ci ribarta, kuma ba zan ɓoye ba. Gari ba lafiya a lokacin. Aka ce masu ta da fitina a kan babur suke zuwa, a kan babur suke tserewa, saboda haka kowane namiji ya jingine nasa, mata kaɗai aka yarda su hau. Allah ya zaunar da garinmu lafiya, ba mai fatan irin wannan. Amma dokar ta zo ta tarar da jan babur a zauren gidanmu, ta tarar da maigida mai fataucin zabbi wanda cinmu da shanmu ke kan wannan babur, ta kuma tarar da ni, wadda na iya tuƙi tun ina budurwa a gidanmu na Salaga. Yayyena maza suka koya mini a kan hanyar rijiyoyi, na faɗi, na kurje gwiwa, na iya. Da aure ya kawo ni Bawku, mutumin nan ko ƙura bai yarda in goge wa babur ɗinsa ba. Wai babur ba abin masu zani ba ne.

Sana'arsa ita ce duk ranar kasuwar Zebilla ya ɗaure kwando a baya, ya je ya sayo zabbi wurin mutanen ƙauye, ya kawo wa masu gashi a tasha. Da doka ta zo sai ya ce ai shi namiji ne, ya zaro tsohon baƙin kekensa daga bayan ɗaki, ya hura masa iska, ya kama hanya. Sai bayan la'asar ya dawo a galabaice, leɓe ya bushe. Zabbin kuwa rana ta dafa su tun kafin a kai su wuta, har ɗaya sai da aka yi saurin sa mata wuƙa a ƙofar gida. Ya sake gwadawa, ya sake shan wuya. Ana gobe wata kasuwar, yana cikin cin tuwo, sai ya jefo makullin babur kan tabarma. Bai ko dube ni ba. Ya ce in yi a hankali da giya ta biyu, tana da gardama.

Ni kaɗai na san abin da na ji ranar. Na sa wando ƙarƙashin zani, na ƙulle gyale a haɓa, na fita gari, na wuce bariyar sojoji, wato shingen binciken da ke bakin hanya, na haye gadar kogi, iska na dukan fuskata. Rabon da in yi nisa da murhu haka har na manta. Ba a daɗe ba matan ƙabilar Kusasi masu kawo zabbi suka saba da ni. Na koyi gaisuwarsu, na koyi tura yatsa ƙarƙashin gashin zabuwa in taɓa ƙirjinta, in san ko ta ci ko yunwa ce ta ci ta. Kafin azahar na dawo gida. Masu gashi suka fara cewa zabbin madam sun fi tsoka. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki, kuma na ƙudurta a raina ba mai raba ni da wannan hanya.

Shi kuwa gogan ya koma zaman majalisa a gindin darbejiyar bakin masallaci, inda magidantan unguwa da aka raba da baburansu suke wuni suna shan shayin ataya suna gyara duniya da baki. Kowannensu fa matarsa ce ke ɗauko masa buhu daga kasuwa, amma gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma da yake maigidana ne mai saurin fushi, shi suka sa a gaba. Suka laƙaba masa mijin direba. In na zo wucewa na yi musu hon, sai su ce ya tashi ya bi ni ya karɓi na cefane. Yakan dawo gida fuska a murtuke, ya ce miya ta yi gishiri.

Akwai wani ciwo da yake da shi tun kafin in aure shi. Da ƙuruciya ya yi 'yan watanni a rumfar wani mai gyaran rediyo a Yendi, tun daga nan yake ɗaukar kansa injiniya. Fankar ɗakinmu shi ya gyara ta, shi ya sa har yau sai an tunkuɗa ta da muciya take tashi. Don haka da na ga ya fara manne ido a waya yana kallon mutanen wasu ƙasashe suna sa wa keke inji, na san wata tsiyar na tafe. Ranar da ya fito da maganar ina tankaɗe a tsakar gida.

"Doka babur ta hana," ya ce, "ba ta hana keke ba. Zan sa wa keken nan inji na lantarki. Ranar da ya je Zebilla ya dawo da kwando cike ba a sake masa caji ba, ki miƙo mini makullina, ki koma wurin tukwanenki."

Na ce na yarda, in gani a ƙasa, an ce da kare ana biki a gidansu. Na yi dariya har gari ya shiga mini hanci. Amma magana ta zauna, don ni ba na magana biyu, shi ma ya san haka. In wannan tarkacen ya je ya dawo, to, tawa kasuwar ta tashi.

Ƙafar baya mai inji a cibiyarta daga Yendi ta zo. Wani tsohon abokinsa ne ya ciro ta daga gawar wani keken lantarki na gwanjo, ya sako ta a motar haya. Maganar batir kuwa abin kunya ne. Magidanci guda, mai furfura a gemu, ya dinga bin rumfunan masu gyaran waya da kwamfuta yana roƙon matattun batura. Ya kawo su gida a leda, ya farfasa, ya zazzago 'yan ƙananan da ke ciki masu kamar guntayen rake, ya baza su a kan faifaina. Sai ya ɗauko wata 'yar na'ura mai allura yana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wannan da ransa, wannan ya rasu. Masu ran ya jera, ya liƙe su da dalma, ya nannaɗe da salatif. Tsakar gida ta koma warin ƙonanniyar roba, har kaji suka ƙaura bayan ɗaki.

Daga nan kayana suka fara ɓacewa. Wayar dutsen guga ta tafi. Igiyar shanya ta ƙarfe ta tafi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne kular abinci da gwaggona ta Salaga ta sa mini a kayan aure, wadda ko baƙi ba kowanne nake fito wa da ita ba. Na dawo daga kasuwa na tarar ya huda ta ta ko'ina, ya shafe ta da baƙin fenti, ya cusa baturansa a ciki, ya ɗaure ta a jikin keke. Da na yi magana ya ce ai kula ba ta barin zafi ya shiga, ilimi ne, ba zan gane ba. Na ce Allah ya isa tsakanina da ilimin.

Gwajin farko, keken ya yi wani ɗan kuka, ya tofar da hayaƙi, ya yi shiru, ko taku bai yi ba. Wai wani ƙaramin akwati da ke raba wa injin wuta ne ya ƙone. 'Yan majalisa, da suka zo takanas don kallo, suka yi masa ta'aziyya. Gwaji na biyu ya fi daɗi. Keken nan tun da na san shi ba shi da birki, da dunduniyar silifa ake tsayar da shi kamar yawancin kekunan unguwarmu, kuma babban injiniyanmu ya yi tunanin komai ban da wannan. Ya murɗa totur, keke ya figa, ya nufi kwana, ya sa silifa a taya. Silifa ta tashi sama, shi kuma ya shige cikin albasar da maƙwabciyarmu ta shanya. Ni na je ba da haƙuri, ni na gasa masa gwiwa. Washegari ya je ya sayo birki, bai gaya wa kowa ba.

To amma daga nan dariyata ta fara raguwa, don abin ya fara tafiya. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai dai ka ga mutum ya wuce fuu yana washe baki. Ya sa wasu 'yan fitilu kore a kan hannun keken, in caji ya cika duka su kama, in yana ƙarewa su dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Matsalarsa ɗaya ce, kuma kullum sai ya karanta mini ita a kan abinci kamar ni na aike shi. In ya murɗa don gudu, wuta ta ƙare tun bai kai gada ba. In ya ƙara batura don nisa, nauyi ya yi yawa, wayoyin taya su fara tsinkewa. Sau da yawa yakan fita da kuri ya dawo yana taka feda, riga jiƙe sharkaf, ni kuma in tare shi da sannu da zuwa mai daɗi. Sojojin bariya ma sun san shi. In ya kusa da su sai ya saki totur ya dinga juya ƙafafu a kan feda kamar mutumin kirki, su kuma su ɗaga masa hannu ya wuce suna dariya.

Da ya tsaya nan da ya ci ni. Na rantse da ya ci ni, don kullum nisan ƙaruwa yake. Amma 'yan majalisa ba su bar shi ba. Suka ce komai gudunsa dai keke ne, matarsa ce a kan babur. Sai ya samo madubai biyu ya kafa. Ya sa hon mai firgita awaki. Ya sa babbar fitila a gaba. Ya cire sirdin keke ya ɗora faffaɗan sirdin wani mataccen babur. Kulata kuwa dama ta zauna daidai inda tanki ke zama. Duk wannan bai ishe su ba, wani dattijon banza a cikinsu, wanda ko tayar keke bai iya liƙewa ba, ya ce namijin da ke da feda a ƙarƙashinsa har yanzu ɗan wahala ne. Maganar ta zo daidai da lokacin da maigida ke neman wurin da zai ƙara jerin batura na biyu, kuma ba sauran wuri sai tsakanin ƙafafu, inda feda ke juyawa.

Ya tura keken wurin mai walda. Aka yanke feda, aka cire sarƙa, aka datse har mazaunin da suke juyawa a ciki, aka liƙa farantin ƙarfe a wurin, aka cika shi da batura, aka yi masa matakin ƙafa hagu da dama. Ni abin da ya zo mini kawai na faɗa, na ce in wuta ta ƙare masa a daji me zai taka. Ya ce wanda ya yi lissafi ba ya bukatar feda. Fedar ma a kan rufin bayan gida ya wurga su, don kowa ya shaida.

Ranar kasuwar da ya zaɓa, tun da safe ya hana ni fita, ya ce yau in huta. Ya sa sabuwar riga, ya sa baƙin gilashi, ya ɗauko hular kwanon babur ya kifa a kai. Hular kwano fa, a kan keke. 'Yan majalisa suka rako shi har bakin titi, waɗanda jiya suke masa dariya yau suna kiransa injiniya. Ya yi hon sau biyu ya tafi. Na koma ciki na zauna tsintar shinkafa, zuciyata kamar ta fashe, don na ga yadda abin ya tashi da shi, na san yau zai je ya dawo. Na taɓa makullin da ke ƙulle a bakin zanina, na ji hawaye na neman zuwa, na yi tsaki na mayar da su.

Ban gama tsintar ba waya ta yi ƙara. Muryarsa ce, ƙasa-ƙasa. Ya ce in zo bariya, kuma kar in zo da babur, in zo a ƙafa.

Na tarar da shi tsaye a gefen titi, hular kwano a hannu, kekensa jingine da buhunan yashin sojoji. Babbansu, wani dogo mai sanyin magana wanda ya saba ganina duk ranar kasuwa, yana zagaya abin yana dubawa. Ashe tun ɗazu ake gardama. Maigida ya ce keke ne, a shinshina a ji ko akwai fetur. Ya buɗe kula ya nuna batura. Ya nuna ƙashin keken, ya ce wannan tun na mahaifinsa ne. Sojan ya saurare shi tsaf har ya gama, sannan ya sunkuya ya leƙa ƙasa.

"Baba, ina feda?"

Maigida ya ce an cire, saboda lissafi.

"To, baba, ga madubi, ga hon, ga tanki, ga totur, ga hula, babu feda. Mu nan ba mu san lissafi ba. Wannan moto ne, babur ke nan. Ko ya kwana wurinmu, ko madam ya hau."

Haka Hausarsu take, mace ma "ya" suke ce mata, amma ban taɓa jin Hausa mai daɗin wannan ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na danne dariya da bakin gyale, don akwai mutane, kuma duk tsiya mijina ne. Na tattare zani na hau, na juya kan keken zuwa gida. Sai na ji ya riƙe kwandon baya. Na waiwaya. Bai dubi sojoji ba, bai dubi masu wucewa da suka tsaya kallo ba, fitilun nan kore yake kallo, duk suna kunne.

"Ba gida ba," ya ce. "Ki kai shi Zebilla. Ina so in sani."

Na gane abin da ya ɗora mini. Sharaɗinmu keke ya je ya dawo ne, ba a ce wa zai hau ba. Wato ni zan kai kaina ƙara, ni zan yanke wa kaina hukunci. Na ce to, mu zuba. Ya fara mini karatu, wai kar in murɗe totur gaba ɗaya, wai in lallaɓa shi a hawa. Na ce na ji. Ina shan kwana na murɗe shi har ƙarshe.

Na so in kashe abin nan, kuma ban bar wata dabara ba. Na kunna babbar fitila da rana tsaka. Na dinga danna hon ga kowace akuya. Duk hawan da ya ce in lallaɓa, da gudu na hau shi. Na san in ya mutu ba feda, turawa zan yi cikin rana da kwandon zabbi, na ce na yarda, in tura har gida ƙafata ta kumbura, in dai kasuwa ta zauna a hannuna. A Zebilla na cika kwando fam, na ƙara da rabin buhun dawa da ba na bukata, na ɗaure a kai. Matan kasuwa suka kewaye ni suna tambaya ina injin yake, na ce su tambayi kular gwaggona.

Abin haushi, tarkacen nan gudu yake. Dole in faɗa. Ba girgiza, ba ƙara, har kukan tsuntsaye ina ji a kan gada, zabbin ma ba su yi hayaniyar da suke yi a bayan babur ba. Fitilu suka dinga mutuwa, ina murna, ina ƙara murɗawa. Saura biyu. Saura ɗaya. Na ce yanzu za ki bi 'yan'uwanki. Ta ƙi. Na hango rufin gidajen Bawku tana nan, na hango buhunan yashin bariya tana nan, kore shar, kamar da gayya.

Bai tafi gida ba. Yana zaune a kan dutse gefen titi inda na bar shi, rana ta dake shi, sabuwar riga ta yi ƙura, gilashin a aljihu. Da ya hango ni ya taso da sauri har yana tuntuɓe. Bai ce sannu da hanya ba, bai dubi kwando ba. Ya kama hannun keken ya sunkuya, ya sa tafi ya kare hasken rana don ya gani da kyau. Ya daɗe a haka. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce wa sojan, wanda bai tambaye shi komai ba, keken fa ya je ya dawo.

Na kwance bakin zani, na ciro makullin, na sa masa a hannu. Na ce ya ci. Ya tsaya riƙe da makullin babur ɗin da ba shi da ikon hawa, gefen keken da ba shi da ikon hawa. A ƙafa ya taka har gida, ni ina bin gefensa a hankali a kan keken, muka wuce ta gindin darbejiya. A majalisa kowa ya sa hanci a kofin atayarsa.

Washegari ya hau rufin bayan gida ya sauko da fedarsa, ya tura keken wurin mai walda, ni kuma na bi shi, don ina so in ji da kunnena yadda kasuwata za ta ƙare. Mai walda ya ce mayar da feda ba wuya, amma sai an cire farantin da duk baturan da ke kai. Maigida ya fi kowa sanin cewa in aka cire su keken zai koma mutuwa kafin gada, ya zama keken zuwa masallaci. Ya shafa farantin, ya shafa kulata, ya juya fedar a hannunsa. Sannan ya miƙa wa mai walda su, ya ce ya sa a tarkacensa, a bar abin yadda yake.

Makullin babur ya rataye a ƙusa a zaure, ban sake taɓa shi ba, tun da na ce ya ci. Amma duk ranar kasuwa, kafin in gama koko, ya riga ya zare wayar caji, ya goge keken tas, ya ɗaure mini kwando, ya fito da shi ƙofar gida. In na dawo ina tarar da shi a bakin titi, nesa kaɗan da majalisa, tsaye cikin rana. Sai ya ƙirga fitilunsa tukuna yake tambayata yadda zabbi suka yi.